Akwati Mai Kwaɗo Uku: Yadda Ake Gina Shugabancin Da Zai Ɗore A Cikin Ƙungiya

A unguwannin birnin Yamai, daga Bukoki zuwa Gamkale, daga Saga zuwa Harobanda, da wuya a sami magidanci ko uwar gida da ba ta cikin wata ƙungiya. Akwai ta mata masu adashe, akwai ta masu noman garka a bakin kogin Isa, akwai ta ƴan kasuwa da ta iyayen ƴan makaranta. Kafa ƙungiya ba shi da wuya, riƙe ta shi ne aiki. Da yawa sukan fara da murna, bayan shekara biyu ko uku sai a ji shiru.

Idan aka bincika, sau da yawa dalilin ɗaya ne: kome na ƙungiyar yana hannun mutum guda. Kuɗi a wurinsa suke, takardu a ɗakinsa suke, shi kaɗai ya san hukuma, shi kaɗai ke magana a taro. Ranar da ya yi tafiya, ko ya kwanta ciwo, ko ya rasu, ko zuciya ta ruɗe shi, sai ƙungiya ta watse, gumin talakawa ya salwanta. Wannan darasi zai bayyana yadda ake raba nauyin shugabanci domin kauce wa haka.

Abin da tarihi ya koya mana

A shekarar 1962 gwamnatin Nijar ta kafa hukumar UNCC domin kula da ƙungiyoyin gama kai na manoma. Hukumar ta yi aikin sayen gyaɗa da auduga, ta kuma ba da iri da kayan noma bashi. A shekarar 1984 aka maye gurbinta da UNC. An sami amfani a wannan tsari, amma yana da rauni guda: daga sama aka tsara shi. A wurare da yawa akan lissafa mutanen gari duka a matsayin mambobi, ko sun nema ko ba su nema ba. Saboda haka manomi yakan ɗauki ƙungiyar a matsayin kayan gwamnati. Abin da mutum bai ɗauka nasa ba kuwa, ba ya tsaronsa, ba ya tambayar inda kuɗinsa suka shiga. Da tallafin gwamnati ya ragu, sai ƙungiyoyi masu yawa suka durƙushe. A shekarar 1996 aka yi sabuwar doka wadda ta ba mutanen karkara damar kafa ƙungiyoyin gama kai bisa son ransu.

Mata Masu Dubara

A shekarar 1991, a jihar Maraɗi, ƙungiyar agaji ta CARE ta fara wani aiki tare da matan ƙauyuka. Wata ma'aikaciyarta ƴar ƙasar Norwe, Moira Eknes, tana cikin waɗanda suka tsara shi. Aka sa masa suna Mata Masu Dubara, a taƙaice MMD. Tushensa adashe ne, wanda mata suka sani tun kaka da kakanni, amma an yi masa gyara.

A adashe, uwar adashe ce ke tara zubi, ta miƙa wa wadda kwasa ta zo kanta. A tsarin MMD kuwa, mata kamar 20 zuwa 30 da suka san juna sukan haɗu kowane mako, su zuba kuɗi cikin asusu guda. Daga cikinsa ake ba mai bukata rance domin sana'a. Bayan wa'adin da suka tsayar, wanda yawanci ba ya wuce shekara ɗaya, sai su raba abin da ya taru, su sake sabon zagaye. Ba a kawo musu jari daga waje ba. Horo kawai aka ba su na wasu watanni, sannan mai horarwa ta janye, ta bar su da abinsu.

Tsarin ya yaɗu zuwa sauran jihohin Nijar, har da Yamai, daga baya ya tsallaka zuwa ƙasashe masu yawa na Afirka da Asiya. Abin da ya riƙe shi ba yawan kuɗi ba ne, yadda aka raba amana ne.

Me ya sa kwaɗo uku?

Akan ajiye kuɗin ƙungiya cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku. Kowane kwaɗo da mabuɗinsa, kowane mabuɗi a hannun mace dabam. A yadda ake koyar da tsarin, wadda ke ajiye akwatin a ɗakinta ba ta riƙe mabuɗi ko ɗaya. Ba a buɗe akwati sai a gaban taro, ba a rufe shi sai a gaban taro. Ga yadda ake raba aiki:

- Shugaba: tana buɗe taro, tana ba kowa damar magana, tana tunatar da doka.
- Magatakarda: tana kiran suna, tana rubuta zubi da rance.
- Ma'ajiya: tana tsaron akwati daga wannan taro zuwa na gaba.
- Masu ƙidaya biyu: suna ƙirga kuɗi a bainar jama'a, su faɗi adadin da ƙarfi.
- Masu mabuɗi uku: suna buɗewa, suna rufewa.

Ku lissafa: mutum takwas ke nan suke da aiki a hannu. Idan ƙungiya tana da mambobi 24, kashi ɗaya cikin uku suna cikin tafiyar da ita. Sauran ma ba ƴan kallo ba ne, domin a farkon kowane taro akan tambaye su nawa aka bari cikin akwati a makon jiya. Sai an ƙirga an ga ya yi daidai da abin da suka faɗa, sannan a ci gaba.

Wani zai ce wannan rashin yarda ne da juna. Ba haka ba ne. Kwaɗo uku kariya ce ga ita ma'ajiyar kanta. Idan mijinta ko ɗan'uwanta ya matsa mata ta ara masa kuɗin ƙungiya, tana da amsa ta gaskiya: mabuɗi ba ya hannunta. Babu kuma wanda zai zarge ta da taɓa abin da ba ta iya buɗewa.

Kowace ƙungiya, ta maza ko ta mata, tana da akwatinta, ko da ba na ƙarfe ba ne. Yana iya zama rumbun hatsi, ko injin ban ruwa, ko asusun banki, ko lambar sirri ta kuɗin da ke cikin wayar salula. Ƙa'idar ɗaya ce: kada mutum guda ya iya buɗewa shi kaɗai.

Yanke shawara tare

Hausawa sun ce shawara ɗaukar ɗaki. Shugaba na gari ba shi ne wanda ya fi kowa magana ba. Shi ne wanda yake sa mai kunya ya buɗe baki. Ga wasu hanyoyi da suke taimakawa:

- A zauna a da'ira, yadda kowa zai ga kowa, ya kuma ga kuɗin da ake ƙirgawa.
- Shugaba ya faɗi nasa ra'ayi a ƙarshe. Idan ya riga kowa, ƙanana za su ji nauyin saɓa masa.
- Mambobi su tsara dokokinsu da kansu: yawan zubi, tarar makara, wa'adin rance. A riƙa maimaita su a taro har kowa ya haddace.
- Doka ta hau kan kowa. Idan shugaba ta makara, ta biya tara kamar sauran.
- A yi zaɓe kowace shekara, a asirce. Wanda bai iya rubutu ba yana iya jefa tsakuwa cikin ƙwaryar wanda yake so, a bayan labule.

Zaɓen asiri yana da muhimmanci a wurinmu, inda kunya da girmama manya suke da ƙarfi. Mace ba za ta ɗaga hannu ta ƙi surukarta a gaban jama'a ba, ko da ta san aikin ya fi ƙarfin tsohuwar. Tsakuwa a bayan labule tana raba ta da wannan nauyi, zumunci kuma bai ɓaci ba.

Saɓani ba ya ƙarewa tsakanin mutane. Abin gudu shi ne a bar shi ya kwana, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ya kamata tun farko a zaɓi dattawa biyu ko uku masu sasanci, waɗanda ba sa cikin masu riƙe kuɗi.

Karatu ma mabuɗi ne

Yawancin matan da suka fara MMD ba su yi makaranta ba, da ka suke riƙe lissafi. Hakan yana yiwuwa idan kowa na zuba adadi ɗaya. Amma idan kuɗi suka yi yawa, dole a koma ga littafi. A nan wani haɗari yake: idan magatakarda kaɗai ya iya karatu, littafin ya zama akwati mai kwaɗo ɗaya.

Ga misali. Mata 25 suna zuba sefa 500, wato dala 100, kowane mako. A mako ɗaya an tara sefa 12,500. A mako 40 an tara sefa 500,000, wato jika 500. Idan wata rana aka rubuta 1,250 a maimakon 12,500, sifiri ɗaya ne ya faɗi, amma sefa 11,250 sun ɓace daga littafi. Ko da kuskure ne ba ha'inci ba, wa zai gano idan babu mai iya dubawa?

Saboda haka ku da kuke ajin yaƙi da jahilci, ku sani karatunku ba naku ba ne ku kaɗai. Duk wanda ya iya karanta lamba ya zama mai tsaron dukiyar ƙungiyarsa. Ku nemi a ba ku littafi ku karanta da ƙarfi a gaban taro. Kowane mai muƙami kuma ya sami mataimaki da yake koya wa aiki, musamman daga cikin matasa.

Ranar wahala

Ba a sanin ƙarfin ƙungiya sai masifa ta zo. A daminar shekarar 2020 kogin Isa ya cika ya fasa madatsai a Yamai. Ruwa ya shiga unguwanni kamar Lamorde da Kirkisoye, ya cinye gonakin shinkafa na Saga, iyalai masu yawa suka bar gidajensu. A irin wannan hali mambobi sukan warwatse, takardu su jiƙe, masu rance su kasa biya a kan lokaci. Ƙungiyar da ke son tsira sai ta yi shiri tun da sauran lokaci:

- A ware ƙaramin asusun taimako, dabam da na rance, domin ciwo, gobara, ambaliya ko rasuwa.
- A yi littafi biyu, a ajiye su a gidaje dabam.
- A tsayar da wanda zai riƙe kowane aiki idan mai shi ba ya nan.
- A amince tun farko kan yadda za a sassauta wa wanda masifa ta hana shi biya.

Idan ƙungiya ta girma

Ƙananan ƙungiyoyi sukan haɗu su zama tarayya. Misali shi ne Mooriben, tarayyar ƙungiyoyin manoma ta yammacin Nijar, wadda ta sami amincewar hukuma a shekarar 1993. Ƙungiyoyin ƙauye ne suke haɗuwa su zama haɗaka, haɗakokin kuma su aika wakilai zuwa babban taro. A irin wannan tsari, wajibi ne wakili ya je da ra'ayin waɗanda suka aike shi, ya kuma dawo ya ba su labari.

Doka ma ta ƙarfafa wannan hanya. A ranar 15 ga Disamba 2010, a birnin Lome, ƙasashen OHADA, har da Nijar, suka amince da doka guda kan ƙungiyoyin gama kai. Ta tanadi cewa kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi, kome yawan jarinsa, kuma a sami kwamitin sa ido dabam da kwamitin gudanarwa.

Wanda ya koyi shugabanci a ƙaramin wuri yakan iya babba. A zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 da na 2011, mata da dama da suka taso daga ƙungiyoyin MMD sun tsaya takara, sun kuma ci kujeru. A gindin bishiya, gaban akwati, suka koyi magana cikin taro da bayar da bayanin kuɗin jama'a.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A ƙungiyarku, mutum nawa ne suka san adadin kuɗin da ke cikin asusu yau?
2. Idan shugabanku ya yi tafiyar wata uku, wane aiki ne zai tsaya?
3. Yaushe kuka yi zaɓe na ƙarshe? A asirce aka yi shi ko a fili?
4. Su wane ne ba sa magana a taronku? Me ke hana su?
5. Mutum nawa ne za su iya karanta littafinku? Wa za ku fara koya wa a wannan wata?

Ku kai waɗannan tambayoyi taronku na gaba. Ku zaɓi abu ɗaya da za ku gyara, ku sa masa rana, ku kuma faɗi sunan wanda zai tunatar da ku.