Mai Zane Mai Zaman Kansa

Mai zane mai zaman kansa shi ne wanda ya ke tsara hatimi, da allon sanarwa, da takardun mannawa a bango, galibi da kwamfuta. Ba ma'aikacin masarauta ba ne. Ba shi da albashi ko fansho, ladan aikinsa ne abincinsa.

Saboda haka hakimai su kula da abu uku. A rubuta lada da ranar gamawa. A ba shi kafin alƙalami. Sa'an nan magatakarda ya duba baƙaƙe masu lanƙwasa, watau ɓ, ɗ, ƙ, kafin a kai maɗaba'a, kada "baƙi" su koma "baki". Kuskuren da aka gano bayan bugu, hasararsa tana kan wanda ya sa hannu.