Tsofaffin Burauza da Makomar Haruffa Masu Ƙugiya

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana yadda burauza ta samo asali, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, da kuma irin ɗawainiyar da rubutun Hausa ya sha a cikin tsofaffinta. Maganar ta shafi ɗalibin da ya taso daga Musawa yana neman cika takardar jarrabawa da tsohuwar waya, ta kuma shafi ma'aikacin da aka ɗora wa alhakin adana takardun ofis a kwamfuta. Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya.

Asalin Burauza

A shekarar 1989 wani Baturen Ingila, Tim Berners-Lee, wanda ke aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da birnin Janeba, ya kawo shawarar a sarƙa takardun da ke cikin kwamfutoci daban-daban, yadda mai karatu zai taɓa kalma a wannan takarda ta kai shi waccan. A 1991 aka buɗe wa duniya wannan tsari. Burauzar da ta fara karɓuwa ga jama'a ita ce Mosaic, wadda aka ƙirƙiro a Jami'ar Illinois ta Amurka a 1993, domin tana nuna hoto da rubutu a shafi guda. Netscape ta biyo baya a 1994, sannan kamfanin Microsoft ya fito da Internet Explorer a 1995.

Nijeriya ba ta shiga wannan harka sosai ba sai a ƙarshen shekarun 1990. A lokacin, layukan tarho na NITEL ba su kai rabin miliyan ba a ƙasar baki ɗaya, kuma ta wannan layi ake shiga intanet. Saboda haka mutumin Musawa da ke da bukata sai ya yi tattaki zuwa manyan garuruwa irin su Katsina ko Kano ko Zariya, ya biya kuɗin awa a shagon intanet, ya zauna yana jiran shafi ya sauko sannu a hankali. Wayar salula ta GSM ta fara aiki a watan Agusta na 2001. Daga 2006 kuma burauzar Opera Mini ta bazu. Hikimarta ita ce, kwamfutocin kamfanin ne ke ɗauko shafin su matse shi kafin ya iso wayar, don haka kuɗin da ake ci kaɗan ne, ko ƙaramar Nokia ma tana iya buɗe shi. Ta wannan ƙofa mutanen karkara da yawa suka fara leƙa intanet.

Matsalar Ƙugiya

Tun a shekarun 1930, zamanin Dokta Rupert East a Hukumar Talifi ta Zariya, haruffan ɓ da ɗ da ƙ suka zauna a rubutun boko, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939 ta ƙara kafa su. Waɗannan haruffa su ke raba ma'ana. Alal misali, wanda ya shiga fada ya je gaida sarki ne, wanda ya shiga faɗa kuwa yana iya kwana a hannun 'yan sanda. Manomin da ya kai kara gida abincin dabbobi ko abin danni ya kai, wanda ya kai ƙara kuwa gaban alƙali ya nufa.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Wani tsohon tsari da aka yi a Amurka, mai suna ASCII, gurabe 128 kaɗai gare shi, an kuwa cika su da haruffan Ingilishi da alƙaluma da alamomi. Babu gurbin ɓ ko ɗ ko ƙ. Don a rage wannan giɓi, masana suka riƙa ƙera samfurin haruffa na musamman, kamar Rabi'at wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi. Dabarar ita ce a ari gurbin wata alama da ba a cika amfani da ita ba, a zana harafi mai ƙugiya a ciki. Wannan ya yi matuƙar amfani ga masu buga littattafai. Amma idan aka aika rubutun zuwa kwamfutar da ba ta da samfurin, sai alamar asali ta dawo gurbinta, kalmar ta lalace.

Maganin dindindin shi ne tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, wanda ya ba kowane harafi na harsunan duniya lambarsa shi kaɗai, har da namu masu ƙugiya. Sai dai ba harafi lamba daban ne da iya zana shi. Tsofaffin burauza da ƙananan wayoyi da yawa ba su da zanen, don haka inda marubuci ya sa ƙ sai mai karatu ya ga ɗan akwati ko alamar tambaya. Sai a 2008 ne UTF-8, hanyar da aka fi bi wajen rubuta Unicode, ta zarce sauran hanyoyi yawa a shafukan duniya.

Kafin nan marubuta sun riga sun sama wa kansu mafita. Wasu suka yar da ƙugiya gaba ɗaya, wasu suka sa waƙafin sama a gefen harafi, wasu suka mai da ƙ ta koma q, ɓ ta koma 6. Yau wayoyi na iya rubuta haruffan daidai, amma ɗabi'ar ta zauna, har ta fara kutsawa cikin takardun jarrabawa da wasiƙun ofis. Daɗin daɗawa, mai neman kalmar ƙasa a na'ura ba lalle ya tarar da rubutun da aka sa qasa ba.

Haɗarin Riƙe Tsohuwa

Tsohuwar burauza takan gaza ta fuskar tsaro ma. Microsoft ya daina gyara Windows XP a watan Afrilu na 2014, ya kuma yi wa Internet Explorer ritaya ranar 15 ga Yuni, 2022. Kafar da ɓarayi suka gano a manhajar da aka daina gyarawa a buɗe take zama. Haka kuma, ranar 30 ga Satumba, 2021, wa'adin wata tsohuwar takardar shaidar tsaro da ɗimbin shafuka suka dogara da ita ya ƙare, tsofaffin na'urori da yawa suka wayi gari shafukan sun ƙi buɗe musu. Ɗalibin da shafin makaranta ya ƙi buɗe masa yakan zargi rashin sabis, alhali sau da yawa burauzarsa ce ta tsufa. Tun da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, irin wannan rashin sani na iya jawo wa yaro asarar shekara guda.

Abin da aka rubuta ma ba shi da tabbacin ɗorewa. An rufe GeoCities, inda miliyoyin mutane suka gina shafukansu na farko, a watan Oktoba na 2009. Abin da ya tsira shi ne wanda ma'adanai irin su Internet Archive, da aka kafa a 1996, suka riga suka kwafe. Kwafin Gaskiya Ta Fi Kwabo na 1939 yana karantuwa har gobe, amma rubutun Hausa da yawa na farkon shekarun 2000 ya ɓace, ko kuwa yana nan cike da akwatuna.

Kammalawa

Abubuwa uku suka wajaba. Na farko, ofisoshin ƙananan hukumomi da makarantu su sabunta burauzar kwamfutocinsu, su daina shigar da bayanan albashi ko na banki a wadda aka daina gyarawa. Na biyu, duk mai rubuta Hausa ya ɗora allon rubutu na Hausa a wayarsa, ya sa ƙugiya inda ta dace. Na uku, sassan koyar da harsunan Nijeriya a jami'o'i su tattara tsofaffin rubuce-rubucen da aka yi da samfurori na musamman, su juya su zuwa Unicode, su kuma ajiye kwafi a takarda, tun waɗanda suka san yadda aka tsara su suna raye.