Ganyen Katagum da ke ajiye a Landan

Duk wadda ta tashi a ƙauyukan bakin kogin Jama'are ta san shanyar ganye. Da kaka ta kama sai a tsinko tafasa da lalo da yaɗiya, a baza a tabarma cikin inuwa, don rana tana cinye launin ganye. In sun bushe a ɗura a buhu, miyar rani ta samu. To, akwai wata shanyar da ba ta miya ba ce.

A farkon mulkin Turawa, wani likita mai suna J. M. Dalziel ya yi aiki a Arewa, ya riƙa tsinko tsirran daji a ƙasar Katagum da wasu wurare. Da yawa daga cikin abin da ya tara yana ma'ajiyar tsirrai ta lambun Kew a Landan har yau. A 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, a 1937 kuma babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Sunayen nan kuwa daga bakin manoma da makiyaya da masu magani ya ji su, ko da yake sunansa ne a bangon littafin.

Aikin irin wannan shanya ba wuya, haƙuri yake so. A yanko reshe da furensa ko 'ya'yansa, a shimfiɗa tsakanin tsofaffin jaridu, a danne da katako. Kullum a canja takarda, in ba haka ba ya yi funfuna. Ya bushe, a manna a kwali, a rubuta inda aka samo shi, da ranar, da sunan da mutanen wurin ke kiransa. Rubutun nan shi ne ran aikin. Ganyen da ba a san garinsu ba, gara ma a ba akuya.

Amfaninsa yanzu yake fitowa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗejiya da Nguru ta sauya hali, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. Mai son sanin abin da ke tsirowa a yankin kafin haka, shaidunsa biyu ne: tsohuwar da ta ci bado tana yarinya, da kwalin da wani ya rubuta wa kwanan wata. Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da ma'ajiyar tsirrai irin ta Kew, haka ma cibiyar binciken gandun daji ta Ibadan.