Passkey: Yadda kalmomin kan allon waya ke iya kare asusu ko salwantar da shi

A watan Oktoban 2023 manhajar WhatsApp ta fara bai wa masu wayoyin Android damar shiga asusunsu da passkey, maimakon lambobi shida da ake turowa ta saƙon tes. Waɗannan lambobi ne 'yan damfara kan yaudari mutum ya karanto musu, su ƙwace asusunsa, su shiga roƙon kuɗi da sunansa.

Tsarin ya samo asali daga ƙungiyar FIDO Alliance, kuma a watan Mayun 2022 Apple da Google da Microsoft suka sanar da faɗaɗa amfani da shi. Waya ce ke ƙirƙirar makullai biyu: na sirri ya zauna a hannun mai ita, ɗayan a wurin kamfani. Da zanen yatsa, ko fuska, ko lambar buɗe allo ake tabbatar da shiga, don haka babu abin da za a karanto wa ɗan damfara.

Sai dai dillalin shanu daga Kausani, da ke ciniki ta waya kafin kasuwar Juma'a ta Wudil, ba makullan zai gani ba. Jimla ɗaya zai gani a allo, kuma umarnin a ƙirƙiri passkey bai gaya masa komai ba. Ya saba dangwala yatsa a banki domin BVN, da wurin rajistar NIN, da kan na'urar BVAS a zaɓen 2023, inda duk wata hukuma ce ke riƙe da bayanan. Yana da hujjar zargin cewa kamfanin ma karɓa zai yi. Wajibi ne allon ya faɗa masa ƙarara cewa zanen yatsansa ba ya barin wayar.

Akwai kuma abin da masu tsara manhajoji kan manta: a gidaje da dama mutum biyu ko uku ke amfani da waya guda, kuma duk wanda ya san lambar buɗe ta yana iya shiga asusun. Gargaɗin hakan ya kamata ya zo kafin a danna amincewa.

Idan aka sace wayar fa? A Android, passkey kan kasance ajiye a asusun Google, wanda sau da yawa wani mai shago ne ya buɗe wa mutum, shi kuwa bai san kalmar sirrinsa ba. Shi ya sa ya dace allon ya ambaci wannan asusu da sunansa, ya kuma tambayi mai wayar ko zai iya shigarsa daga wata waya.