Jigo da Salo a Ma'aunin Matarka: Yadda Aka Karɓi Fim Ɗin Z na Costa-Gavras

Manazarta adabin Hausa sun saba raba jigo da salo domin sauƙaƙa nazari, duk da cewa kowa ya san a aikace ba sa rabuwa. Wannan maƙala ta ɗauki fim guda wanda matarka suka yi saɓani mai zafi a kansa game da wannan batu, wato Z, wanda Costa-Gavras ya ba da umarninsa, aka saki a 1969.

Tushen labarin abu ne da ya auku. A ranar 22 ga Mayu, 1963, a birnin Tasalonika na ƙasar Girka, wasu mutane a kan babur mai ƙafa uku suka kai wa Grigoris Lambrakis hari bayan wani taron neman zaman lafiya. Likita ne kuma ɗan majalisa mai ra'ayin gurguzu, ya cika bayan kwana biyar. 'Yan sanda suka so a rufe maganar da sunan haɗari, amma alƙali mai bincike, Christos Sartzetakis, ya bi diddigi har ya gano hannun manyan jami'an tsaro a ciki. Vassilis Vassilikos ya mayar da lamarin ƙagaggen labari, daga nan Jorge Semprún da Costa-Gavras suka tsara shi domin fim. Harafin Z kuwa yana nuni ne ga kalmar Girkanci mai ma'anar cewa mamacin yana raye.

Sojoji sun ƙwace mulki a Girka tun Afrilun 1967, saboda haka babu halin ɗaukar fim ɗin a can, kuma manyan kamfanoni suka noƙe. Sai da jarumi Jacques Perrin ya shiga neman kuɗi, hukumar fina-finan Aljeriya ta sa hannu, sannan aka yi ɗauka a birnin Aljiyas da ɗan abin da ya samu. Wannan ƙunci ya bar tambarinsa a jikin aikin. 'Yan wasa suna magana da Faransanci a titunan Arewacin Afirka, ba a kuma ambaci sunan ƙasar da abin ke faruwa ba, sai dai kiɗan Mikis Theodorakis, wanda sojojin ke tsare da shi a lokacin, yana tona asirin wurin.

Karɓuwa ta farko ta yabo ce. A bikin Cannes na 1969 fim ɗin ya samu kyautar alƙalai, Jean-Louis Trintignant ya zama gwarzon jarumi, a 1970 kuma ya ci Oscar biyu, ta fim ɗin harshen waje da sunan Aljeriya, da ta tacewa wadda Françoise Bonnot ta karɓa. A Amurka, Roger Ebert ya sa shi a kan gaba cikin fina-finan shekarar. Rashin ambaton sunan ƙasa ya zama alheri a nan, domin 'yan kallon da ba su daɗe da ganin kisan Martin Luther King da Robert Kennedy ba sun karanta nasu halin a ciki.

Suka mafi nauyi ba daga magoya bayan soja ta fito ba, daga masu ra'ayin Markisanci ne. A cikin mujallar Cahiers du cinéma ta Oktoban 1969, Jean-Louis Comolli da Jean Narboni suka kasa fina-finai aji-aji gwargwadon dangantakarsu da aƙidar masu mulki, suka ambaci Z wajen bayanin ajin waɗanda jigonsu siyasa ne ƙarara amma salonsu aro ne daga tsarin da suke suka. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce, zubin labarin bincike yana buƙatar mugu da gwarzo, don haka sai zalunci ya koma laifin wasu ɓatagarin hafsoshi, gyara kuma ya rataya a wuyan alƙali guda mai gaskiya. Ɗan kallo ya ji zuciyarsa ta ɗaga, ya fita ya huce, bai fahimci yadda mulkin yake aiki ba.

A ganina wannan suka tana da ƙarfi a kan kashi mafi yawa na fim ɗin, musamman inda ake tuhumar hafsoshi ɗaya bayan ɗaya cikin raha, har ɗan kallo ya ɗauka gaskiya ta yi halinta. Sai dai ta yi wa ƙarshensa riƙon sakainar kashi. A 'yan mintocin ƙarshe an warware nasarar gaba ɗaya: an janye alƙalin daga shari'ar, shaidu sun mutu ta hanyoyi masu ban shakku, soja sun hau mulki, sannan aka jero abubuwan da suka haramta, tun daga dogon gashi da littattafan Tolstoy har zuwa harafin Z kansa. Salon da ya ja ɗan kallo ya amince da kotu, shi ne kuma ya sa rushewar amincewar ta yi masa ciwo.

Akwai kuma batun masu kallo, wanda Cahiers ba ta ba shi muhimmanci ba. Kusan mutum miliyan 4 suka kalli fim ɗin a Faransa kaɗai, adadin da fina-finan gwaji da mujallar ke fifitawa ba su kusanta ba. Mutanen Girka su kam ba su gan shi a gidajen sinimarsu ba sai bayan faɗuwar mulkin soja a 1974. Sartzetakis, wanda sojojin suka kora daga aiki suka ɗaure, ya zama shugaban ƙasar Girka a 1985.