MAIJIRGI: KUSHEWA BIYU DA RUWAN DAMINA

Matafiyin da ya bar Tasawa ya nufi Damagaram, kafin ya yi nisa zai iske garin Maijirgi. Nan ne aka gina kushewar wasu hafsoshin Faransa biyu, Voulet da Chanoine, waɗanda rundunarsu ta ratsa ƙasar Hausa cikin shekara ta 1899 da niyyar isa tafkin Cadi.

Rundunar tana da ɗimbin sojoji, da ƴan dako, da dabbobi, ga kuwa ƙasa mai ƙarancin ruwa. Don haka rijiya da tafki su suka zama jagoranta. Duk garin da ta sauka, sai ta ƙwace hatsi, ta ƙafe rijiyoyi, ta bar toka da gawarwaki. A Lugu ta yi karo da Sarauniya Mangu, daga baya ta ƙone Birnin Ƙonni.

Da labarin ɓarnar ya kai Faransa, sai aka aiko Kanal Klobb ya tsayar da su. Ranar 14 ga Yuli, Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori. Ba a cika kwana huɗu ba, sojojinsu suka juya musu baya: Chanoine ya mutu ranar 16, Voulet ranar 17.

Ruwan da ya jawo bala'in kuwa yana nan yana rayar da halitta. Da damina ta sauka, fadamun Tasawa sukan cika, haka ma kwarin Gulbin Kaba da ya ratsa Mayahi cikin inuwar goriba. Shamuwa ce kan riga kowa isowa. Sai kwaɗi su ɗauki kuka, balbela ta bi shanu, kirinjijiya ta sauka garke-garke. Gaiwa, wadda ta yi rani kwance cikin busasshen taɓo, ita ma sai ta farka.

Amma rairayi yana cike tafkuna a hankali, waɗanda suka ji labarin 1899 daga bakin kakanni kuma suna ƙarewa. Ya kamata hukumomi da sarakuna su sa hannu wajen kare bakin ruwa da shuka itatuwa. Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci kuwa, ga aiki ya same su: su zauna gaban dattawa, su rubuta sunayen garuruwan da aka ƙone tun da sauran masu faɗa.