Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka sauya wa kayan jitar lantarki gangar jiki

Jita ta faɗi, katakonta ya tsage, amma muryarta tana nan. Mai ita ba sai ya yi asararta duka ba, domin abin da ke ba jitar lantarki yawancin muryarta ana iya kwance shi a ɗaura a wani katakon. Wayoyin ba su cika ba da wahala ba. Awon katako ne ke kayar da mutane.

Me ake cirewa?

Babban abu shi ne fikof, wato maɗaukin sautin da ke kwance a ƙarƙashin tsirkiyoyi. Maganaɗisu ne aka naɗe da siririyar wayar tagulla, naɗi wajen 8,000 a irin na jitar Stratocaster. Tsirkiyar ƙarfe na motsi a kansa, sai ya haifar da 'yar wutar da amfilifaya ke ƙarfafawa. Tare da shi akwai maɓallan murɗawa na ƙara da na kaushin sauti, da kafasita, da makunnin zaɓen fikof, da ramin soka waya.

Gida biyu, ƙira biyu

A Stratocaster, wadda kamfanin Fender ya fitar a 1954, fikof uku da maɓallai duk suna maƙale a jikin faifan roba ɗaya. Ka kwance sukurori, ka narke dalmar wayoyin ramin soka waya da ta wayar ƙasa, kaya sun fito gaba ɗaya. Les Paul ta Gibson ba haka take ba. Kowane abu da raminsa, wayoyi kuma suna bi ta cikin hudar katako, dole a warware su ɗaya bayan ɗaya. Fikof ɗinta mai naɗi biyu, wanda Seth Lover ya ƙera aka fara sa mata a 1957, ya kusa ninka na Fender faɗi, don haka ba ya shiga raminsa sai an ƙara fafewa.

Haka makaɗin jita Eddie Van Halen ya yi a shekarun 1970. Ya sa kurfi ya faɗaɗa ramin katako mai ƙirar Stratocaster, ya dasa fikof ɗin Gibson, ya haɗa shi da maɓallin ƙara guda ɗaya tal. Jitar da ya yi suna da ita ke nan.

Awo kafin sara

Nan ne ya kamata a daɗe. Tsawon tsirkiya daga kan wuya zuwa jaki, wato abin da ke tallafe tsirkiyoyi a kan gangar jiki, inci 25.5 ne a yawancin jitocin Fender, a na Gibson kuwa 24.75. In wuyan ma za a ɗauko, dole jaki ya zauna daidai inda tsawon wuyan ya nema, in ba haka ba duk ɗaurin da aka yi, sauti zai riƙa kaucewa yayin da yatsa ke gangarowa. Wurin zaman fikof ma yana canza murya: kusa da jaki ta yi kaifi, kusa da wuya ta yi kauri. Wanda ya matsar da shi sannan ya ce sabon katako ya ɓata masa sauti, ya ɗora laifi inda ba ya nan.

A duba zurfin rami, a duba kaurin katako. Fuskar Les Paul tana da tudu, shi ya sa da yawansu ke buƙatar maɓallai masu dogon wuya. Bahago kuma, irin su Mdou Moctar na Nijar, faifan jitar dama ba zai hau katakonsa ba. Sai a samo faifan hagu a mayar da kayan a kansa.

Lambobin da ke bayan maɓallai

Fikof mai naɗi ɗaya an saba haɗa shi da maɓalli mai lamba 250k, mai naɗi biyu da 500k. In aka sa wa mai naɗi biyu 250k, muryarsa takan dushe. Masu aiki da batir mai bolt 9, irin na EMG, nasu 25k ne, kuma suna son wurin ajiye batirin. Launin wayoyi ma ba ɗaya ba ne tsakanin kamfanonin fikof Seymour Duncan da DiMarzio. Saboda haka kafin ƙarfe mai zafi ya taɓa komai, a ɗauki hoton haɗin da wayar hannu, a manna wa kowace waya alama.

Wayar da ake mantawa

Akwai wata 'yar waya da ke tashi daga bayan maɓallin ƙara ta je jaki, ko ƙugiyar sifirin da ke bayan Stratocaster. Ita ke haɗa tsirkiyoyi da ƙasa. Sabon katako sau da yawa yakan zo ba a huda mata hanya ba, kuma in aka bar ta, jita za ta yi ta gurnani ko da an dafa tsirkiyoyin. Ga mai kiɗan biki kusa da janareta da fitilu, wannan gurnanin yana iya rufe kiɗan. Shafe cikin ramuka da takardar tagulla, a haɗa ita ma da ƙasa, yana rage shi sosai.

Kafin a ɗaura tsirkiya, a gwada da mita. Fikof ɗin Stratocaster yakan nuna om wajen 6,000, tsohon mai naɗi biyu na Gibson wajen 8,000. Sannan a jona amfilifaya, a rage ƙara, a taɓa kan kowane fikof da bakin sukuddireba. Wanda ya amsa da "kas" yana aiki, wanda ya yi shiru a koma kan dalmarsa.